Ra'ayinmu: Kafin Mu Sa Hannu a Takardar Tallafin Ganin Likita Daga Nesa



A 'yan shekarun nan ana yawan maganar ganin likita daga nesa, wato marar lafiya yana ƙauye, likita yana birni, suna ganin juna suna kuma magana ta intanet. Masu ba da tallafi suna son wannan hanya ƙwarai, musamman a makarantun karkara, gama a nan ne yara suke taruwa kowace safiya. Da yake ikkilisiyoyinmu da dama suna da makarantu a ƙauyuka, kuma dattawanmu ne suke zama a kwamitocinsu, ba mamaki wata rana a kawo musu irin wannan takarda su sa hannu. Ra'ayinmu shi ne a karɓi tallafin, amma kada a sa hannu sai an rubuta a fili wanda zai biya nas da kuɗin intanet bayan tallafin ya ƙare.

Bari mu duba yadda abin yake a Amurka, inda aka daɗe ana yin sa. Yaro ya zo makaranta da tari ko ciwon kunne. Malami ya tura shi ɗakin nas. Nas ta kira iyayensa, waɗanda tun farkon shekara sun sa hannu a takardar yarda, sa'an nan ta haɗa shi da likita ta kwamfuta. Tana da abin sauraron ƙirji da fitilar duba kunne da maƙogwaro, duka a haɗe da kwamfutar, domin abin da ta ji ko ta gani likita ma ya ji ya gani. Likita ya rubuta magani, yaron ya koma aji, mahaifiyarsa ba ta bar aiki ta yi tafiya mai nisa ba.

Wannan hanya tana da amfani, an kuma auna shi. A gundumar Williamsburg ta jihar Karolina ta Kudu, wadda karkara ce mai fama da talauci, yawancin mazaunanta kuma baƙaƙen fata ne, jami'ar koyon aikin likita da ke Charleston ta haɗa makarantu da likitocinta. Binciken da aka buga a shekarar 2019 ya nuna cewa kai yara masu ciwon asma, wato fuka, sashen gaggawa na asibiti ya ragu da kashi 21 cikin 100. Amma da aka haɗa dukan yaran da binciken ya shafa, masu asma da marasa ita, ba a ga wani bambanci mai yawa ba. Ashe ribar ta fi fitowa inda aka sa ido a kan ciwo guda, aka kuma sami ma'aikaciya a makaranta tana bin yaron kullum.

Yanzu sai maganar kuɗi. Ma'aikatar Noma ta Amurka tana da tsohon shirin tallafa wa karatu da ganin likita daga nesa a garuruwan da mutanensu ba su wuce 20,000 ba. Bisa ga ƙa'idojin shekarar 2024, ana ba da daga dala 50,000 zuwa dala miliyan 1, a kashe cikin shekara 3, mai nema kuma dole ya kawo kashi 15 cikin 100 daga aljihunsa. Kuɗin na sayen na'urori ne da kayan haɗa su. Ba a biyan albashin ma'aikatan lafiya da su, ba a kuma biyan kuɗin gudanar da aiki na wata-wata. Ko a ƙasa mai arziki irin wannan, da ruwan ciki ake jan na rijiya.

To, mene ne ya riƙe ɗakunan shan magani na makarantu a can bayan shekara ukun? Hanyar biyan kuɗi mai ɗorewa ce. A watan Disamba 2014 hukumar da ke kula da Medicaid, wato inshorar lafiya ta masu ƙaramin ƙarfi, ta sassauta wata tsohuwar ƙa'ida, ta buɗe wa jihohi ƙofar biyan makarantu kuɗin jinyar duk yaron da ke cikin inshorar. A 2015 jihar Teksas ta yi dokar da ta yarda Medicaid ta biya likitan da ya duba yaro a makaranta daga nesa. A 2019 kuma majalisar jihar ta kafa shirin kula da lafiyar hankalin 'yan makaranta ta wannan hanya, ta sa shi a cikin kasafinta. Inda kuwa aka dogara ga kuɗi na ɗan lokaci, an sha wahala. Kuɗin agajin annobar korona, kimanin dala biliyan 190 da aka ba makarantun Amurka, wa'adinsu ya cika a watan Satumba 2024, makarantun da suka ɗauki ma'aikata da waɗannan kuɗi kuma suka shiga neman abin biyan su.

Mu ma mun ga irin wannan da idonmu. A watan Janairu 2025 gwamnatin Amurka ta dakatar da agajin ƙasashen waje, daga baya aka rufe hukumar USAID, ayyukan lafiya da na ciyar da yara da yawa a arewa maso gabashin Nijeriya suka tsaya ko suka ragu. Kayan aro ba ya rufe katara. Mafi yawan yaran ƙauyukanmu kuma ba su da wata inshora da za ta biya likita. Saboda haka idan tallafi ya ƙare, nauyin zai faɗo ne a kan iyaye, da kwamitin makaranta, da baikon ikkilisiya.

Wani zai ce, ai gara a karɓi kayan tukuna, in ya so a nemi na riƙe su daga baya. Mun fahimci wannan, gama wanda ya taɓa ɗaukar yaro mai zazzaɓi a kan babur da dare zuwa asibiti ba zai so a yi jinkiri ba. Amma ɗakin da aka buɗe da biki, bayan shekara uku aka sa masa kwado, yakan bar baya da ƙura. Iyaye sukan daina yarda, ma'aikaciyar da aka horar takan tafi birni, kwamitin kuma yakan shiga zargin juna a kan inda kuɗi suka tafi.

Muna da abin koyi a gida. A shekarar 1974 aka fara shirin kiwon lafiya na karkara a Garkida, a yankin Lardin Gabas. Ƙauye ne yake kafa kwamitinsa, ya zaɓi mutanensa a horar da su, su dawo su yi wa jama'arsu hidima, jama'ar kuma su ɗauki nauyin riƙe su. Kwamfuta da kyamara sababbin kaya ne, amma tushen aikin bai sāke ba: mutumin da aka horar, wanda yake zaune a wurin, wanda jama'a suka san yadda za su biya shi.

Domin haka muna roƙon kowane kwamitin makaranta ya nemi amsar waɗannan a rubuce kafin ya sa hannu.

Na ɗaya, wace ce ma'aikaciyar lafiyar da za ta zauna da yaran, tana da takardar shaidar aiki, wa kuma zai biya ta a shekara ta huɗu? Kada a ɗora wannan aiki a kan malamin aji.

Na biyu, wane asibiti ne likitocin suke, suna da rajista da hukumar likitoci ta ƙasa, a waɗanne ranaku da sa'o'i za a same su?

Na uku, akwai sabis mai ƙarfi a ƙauyen? A gwada a ɗakin da za a yi aikin, da rani da damina. Nawa ne kuɗin data a wata, wa kuma zai sāke batirin sola idan ya mutu?

Na huɗu, ina maganin yake? Likita ta kwamfuta ba zai iya gwada jinin yaro ba. Sai an ajiye kayan gwajin zazzaɓin cizon sauro da maganinsa a ɗakin, an kuma shirya abin hawa domin yaron da ciwonsa ya yi tsanani.

Na biyar, wa zai riƙe asirin yaran, musamman 'yan mata? A nemi yardar iyaye a rubuce, cikin harshen da suke ji. Ƙofar kuma ta zama a buɗe ga kowane ɗan makaranta ba tare da duban addini ko ƙabila ba.

Idan an sami amsa, a fara tara asusun riƙe ɗakin tun daga watan farko, a raba nauyin tsakanin ƙungiyar iyaye da malamai, da zumuntar mata, da 'ya'yan garin da suke aiki a birni. A kuma sanar da sashen lafiya na ƙaramar hukuma tun da wuri, a nemi su ba da ma'aikaci. Ma'aji ya riƙa karanta rahoton asusun a gaban jama'a kowane wata uku. Idan kuwa mai tallafi ya ƙi a yi maganar shekara ta huɗu, a gode masa, a ce ya dakata har kwamiti ya shirya.

Ubangiji ya ba dattawanmu hikima a cikin wannan hidima. Amin.