Mu Tashi Mu Je Yankari, Gani Ya Kori Ji!

Jama'ar Arewa, wai ina muka shige ne? Bature yana biyan kuɗin jirgi ya zo kallon giwayenmu, mu kuma 'ya'yanmu ba su san giwa ba sai a tatsuniya da allon waya. Alhali ga Gandun Dajin Yankari nan a ƙaramar hukumar Alkaleri ta jihar Bauchi. Tun 1956 aka keɓe shi, aka buɗe wa jama'a a 1962, faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 2,200.

Idan kun isa sansanin Wikki, kada ku zarce wanka a maɓuɓɓugar ruwan ɗumi tukuna. Ku fara shiga ɗakin adana kayan tarihi. Ku tsaya gaban hauren giwa da fatu da ƙahonni, ku dubi tarkuna da bindigogin toka da aka ƙwace daga hannun masu farautar sata. Ku bar yaro ya tambaya: "Baba, wa ya kashe wannan?" Wannan tambayar ta fi darasin wata guda a aji.

Sannan ku shiga dawa. Ga kogunan Marshall da mutanen da suka sassaƙa a jikin dutse suka zauna ciki, ga rijiyoyin Dukkey, ga kufan matoyan da maƙera suka narka tama. Al'ummomi sun rayu a wannan daji, sun ci sun sha, suka bar mana shi da giwa da ɓauna da gwanki da dorina a kogin Gaji. Mu me za mu bari? Raƙumin dawa ya riga ya ƙare a Yankari, har sai da aka kawo wasu daga Namibiya zuwa dajin Sumu a 2006. Za mu jira a yi mana haka da giwa?

Malaman makaranta, ku shirya ziyara da rani, lokacin da ciyawa ta bushe dabbobi ke taruwa bakin ruwa. Iyaye, ku ware ɗan abin da ake kashewa a yawon sallah ku kai iyali. Sarakuna da sarakunan baka, ku tsawata wa masu ɗana tarko. Masu cin naman daji, ku sani kuɗinku ne ke cika bindigar ɓarawon dabba. Hukuma kuma ta kula da ma'aikatan da ke kwana a dawa suna sayar da rai, ta kuma share hawayen manomin da giwa ta tattake masa gona, domin maƙwabcin da aka bari da asara ba zai yi gadin daji ba.

Amana ce Allah Ya danƙa mana, kuma za a tambaye mu. Ku sa rana, ku haɗa kuɗin mota, ku ɗebi yara. Sai mun haɗu a Wikki!