Nasiha ga Masu Gidaje a kan Gyaran Danga da Katanga

Ya ku mutanen Wudil, ku sani katanga daga gindi take mutuwa, kuma lokacin gyaranta rani ne. Wanda ya bari sai marka ta sauka a watan Agusta, to ya makara, domin ɗanyen yaɓe ba ya kama jiƙaƙƙen gini.

Mu mazauna bakin kogi ne. Manyanmu ba su manta da ambaliyar 2001 ba, lokacin da ruwan Tiga da na Challawa ya yi yawa, ya ci gidaje da gonaki a ƙasar nan. Wannan babban ruwa ba mu da iko a kansa. Amma wanda ke kayar da katangunmu kowace shekara ƙaramin ruwa ne: na indararo da ke zuba a gindin gini, da na kwata wadda leda ta toshe. Shi ne ke lasar ƙasa a hankali, har dare ɗaya gini ya kife a kan yara suna barci, ko a kan dabbobin maƙwabci. Sa'an nan mu ce tsautsayi ne, alhali tsagar ta yi wata uku muna wucewa ta gabanta.

Magani na farko: a tara marmara a gindin katanga, a daɓe ta da gangare, ruwa ya gudu waje. A rufe kan katanga da sabon yaɓe tun kafin iskar bazara. Magabatanmu suna jiƙa ɓawon ɗorawa su yi makuba, su kwaɓa ƙasa da ita, ruwa ya riƙa zamewa. Mu kuwa mun koma lafta siminti a kan ginin ƙasa. Su biyun ba su jituwa. Danshi ya ɓuya a tsakaninsu, siminti ya ɓamɓare, ya tafi da fuskar ginin.

Na biyu, gara. Ita daga ƙasa take hawowa, tana son danshi da duhu. Saboda haka kada a jingina itacen girki ko kara a jikin danga. Wanda zai kafa dirka ya babbake gindinta, ya zuba toka a ramin. In da hali a nemi azarar giginya, gara ba ta cinta da sauƙi. Zana da darni a ɗaga su kaɗan daga ƙasa. In an ga hanyar gara a jikin itace a kankare ta ran nan, a bi sawu har suri, a tone a fitar da uwar. Mai zuba maganin kasuwa kuma ya nisanci rijiya da turken awaki.

Na uku, a garka da bayan gida a dasa aguwa, ko dashi, ko bini-da-zugu. Reshe ake yankewa a kafa, ya kama. Wannan shinge ne mai rai, damina ƙara masa ƙarfi take yi.

Wani zai ce, ba ni da kuɗi. Amsa ita ce, kuɗin yaɓe bai kai ushirin kuɗin sabon gini ba. Ganuwar Kano, wadda aka fara zamanin Sarki Gijimasu, ta yi ɗaruruwan shekaru a tsaye saboda ana fita gayya ana yaɓe ta. Da aka bar gayyar, ku je ku ga abin da ya saura.

Katangar da ke tsakanin gida biyu suturar iyali biyu ce, nauyinta yana kan su duka. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, haka nan husuma tsakanin maƙwabta. Muna roƙon masu unguwanni su sa rana bayan an gama girbi, a kewaya a duba katangu, a fara da gidajen marayu da tsofaffi da matan da mazansu suka rasu.