Rufa-Ido a Kan Zancen Ɗumamar Duniya

 A wannan wata za mu yi ɗan nisa, mu leƙa Amurka, gama can ne aka fi tafka gardama a kan ɗumamar duniya, can ne kuma aka gwanance da wata dabara wadda ya kamata kowane maigida da uwargida su iya gane ta.

Kun dai san yadda 'yan yankan aljihu suke yi ran kasuwa. Biyu su ta da faɗan ƙarya, jama'a su taru suna kallo, na ukunsu kuwa yana ta bin aljihu. Mai wannan sana'a bai damu ka gaskata kome ba. Bukatarsa ita ce idonka ya koma wani wuri na ɗan lokaci.

Ainihin zancen ba shi da wuya. Sa'ad da aka ƙone fetur, ko kwal, ko gas, wata iska takan fita wadda ake kira iskar kabon. Ba ta da launi, ba ta da wari, ba ta kuwa gushewa da sauri. Takan taru a sararin sama ta tsare zafin da ya kamata ya fice daga doron ƙasa, kamar yadda bargo yake tsare ɗumin jiki.

A shekarar 1977 wani masani mai suna James Black, ma'aikacin kamfanin mai na Exxon, ya tsaya gaban shugabannin kamfanin ya bayyana musu wannan. Ba su yi watsi da maganarsa ba. A 1979 har suka sa na'urori a wani babban jirgin ruwansu na dakon mai domin a riƙa auna iskar kabon a teku da sarari. Masanansu suka yi lissafin yadda zafi zai ƙaru a shekaru masu zuwa. A 2023 waɗansu masu bincike suka ɗauko lissafin nan suka gwada shi da abin da ya auku, suka buga sakamakon a mujallar Science. Sai ga shi masanan Exxon sun yi daidai ƙwarai: ƙarin wajen digiri 0.2 a ma'aunin Selshiyos kowace shekara 10.

To, me aka gaya wa jama'a? A 1989 aka kafa wata ƙungiya ta manyan kamfanonin mai, da na kwal, da na motoci, mai suna Global Climate Coalition, Exxon kuwa yana ciki. Aikinta shi ne hana a kafa dokar rage ƙona mai. Ku lura da kyau, ba su cika fitowa fili su ce ƙarya ce ba, gama da sun faɗi haka da an kama su. Abin da suka yi ta nanatawa a jaridu da talabijin shi ne: masana ba su gama bincike ba, akwai sauran shakka, kada a yi gaggawa. A 1998 jaridar New York Times ta tona wata takardar shiri da aka tsara a ƙarƙashin ƙungiyar kamfanonin mai ta Amurka. A cikinta an rubuta cewa za su san sun ci nasara ran da talaka ya ɗauka zancen nan ba shi da tabbas. Kamfanin dai, wanda ya zama ExxonMobil tun 1999, ya musa cewa ya ruɗi kowa.

Dabarar ba sabuwa ba ce, aro aka yi. Masu kamfanonin taba sigari ne suka fara ta a 1953, da likitoci suka soma nuna cewa taba tana jawo ciwon daji na huhu. A 1969 wata takardar cikin gida ta kamfanin Brown & Williamson ta faɗi ƙarara cewa shakka ita ce hajarsu. Har mutanen ma wani lokaci ba su sake ba. Frederick Seitz, babban masani ne na gaske, ya taɓa shugabantar majalisar masanan kimiyya ta Amurka, amma ya yi wa kamfanin taba na R. J. Reynolds aiki, sa'an nan a 1998 ya sa sunansa a wata takardar tara hannu mai cewa ba a tabbatar da haɗarin iskar kabon ba. Fanninsa ba yanayi ba ne, amma wa zai tsaya tambaya in ya ga babban suna?

Wani rufa-idon kuwa abin dariya ne, in ba don abin da ke bayansa ba. A watan Fabrairu na 2015 Sanata James Inhofe ya shiga zauren Majalisar Dattawan Amurka da curin dusar ƙanƙara a hannu, ya nuna wa 'yan majalisa, wai ga sanyi a waje, ina ɗumamar? A lokacin shi ne shugaban kwamitin muhalli na majalisar. Daidai yake da a yi fari a lardi duka, mutum ya ɗago zangarniya ɗaya mai kyau daga fadama ya ce damina ta yi albarka. Shekarar 2014 ta riga ta fi dukan waɗanda aka auna kafin ta zafi, ita 2015 ɗin kuma ta zo ta fi ta.

Da shakka ta fara ƙarewa, sai aka sake salo, wannan kuwa shi ya fi damunmu, domin yana kama da gaskiya. A 2004 kamfanin mai na BP ya fito da wani ma'auni a intanet, inda kowa zai lissafa iskar kabon da shi da iyalinsa suke jawowa ta wurin tafiya, da abinci, da wutar lantarki. Ba ƙarya a ciki. Tattali abu ne mai kyau, dasa itace ma haka, mu kuwa muna goyon bayansu ɗari bisa ɗari. Amma ku dubi inda tambayar ta koma. Dā ana tambaya, wane irin makamashi ƙasashe za su dogara gare shi, wace doka kuma za a kafa wa masu haƙo mai? Yanzu an koma tambayar ko ka kashe fitilar ɗakinka. Laifi tudu ne, in ji Hausawa, ka taka naka ka hango na wani. Afirka gaba ɗayanta ba ta fitar da fiye da kashi 4 cikin 100 na iskar kabon da ake samu daga ƙona mai da kwal ba. Saboda haka in an nuna uwargida mai murhun itace aka ce ga mai ɗumama duniya, sai mu ce a ɗan ɗaga ido a dubi sauran kasuwar.

Irin maganganun nan sukan iso mu ta rediyo, ko ta wayar da ke hannun yaranmu. In mun ji an ce masana ma ba su yarda da juna ba, ya kamata mu sani cewa a 2021 kwamitin masana yanayi na Majalisar Ɗinkin Duniya ya ce babu sauran tantama, ayyukan 'yan adam ne suka ɗumama duniya. Yana da kyau kuma mu tambaya, mai maganar nan fanninsa ne, wa kuma yake biyansa?

Masu rufa-idon ba su kā da masana a gardama ba, amma sun sami abin da suke nema, wato lokaci. An ƙulla yarjejeniyar Kiyoto a Japan a 1997 domin rage hayaƙin, Amurka ba ta taɓa tabbatar da ita ba, a 2001 kuma Shugaba George W. Bush ya juya mata baya. A shekarar da James Black ya yi wa shugabanninsa bayani, iskar kabon a sarari tana wajen kashi 334 cikin miliyan ɗaya. A 2024 ta wuce 420, shekarar kuwa ta fi dukan waɗanda aka auna kafin ta zafi. Kimanin rabin iskar kabon da 'yan adam suka fitar ta wurin ƙona mai da kwal tun farkon zamanin masana'antu, bayan 1990 aka fitar da shi, watau a cikin shekarun da ake ta cewa a dakata tukuna. Wani kashi nasa kuwa zai daɗe a sama ɗaruruwan shekaru, har jikokin jikokinmu su tarar da shi.