Binciken Abincin Dabbobi: Don Makiyayi Ake Yi Ko Don Ƙarin Girma?

Rubutun wannan mako ƙorafi ne a kan masananmu na kiwo.

Tun 1928 aka kafa gonar gwajin dabbobi a Shika, kusa da Zariya, wadda ta zama cibiyar NAPRI a 1976. Shekaru kusan ɗari ke nan ana auna ciyawa, ana gwada abinci, ana yanka raguna ana duba tsoka da kitse. Amma har yau mai turkar ragon layya da ido yake sayen harawa, da mudu yake sayen dusa, bai san abin da ke cikinsu ba. Shanu kuwa duk bazara sai sun zubar da naman da suka tara da damina.

Ilimin fa akwai shi. Masana sun san cewa idan furotin, wato sinadarin gina jiki, ya gaza kashi 7 cikin ɗari a abinci, ƙwayoyin da ke narkar da ciyawa a tumbin saniya ba sa aiki sosai, busasshiyar ciyawar rani kuwa takan faɗi ƙasa da haka nesa. Shi ya sa dabba ke cika ciki tana ramewa. Sun san amfanin harawa a ganye yake, don haka wanda ya bar ta a rana har ganyen ya kakkaɓe, itace ya ajiye. Sun san idan aka narkar da kilo 4 zuwa 5 na takin yuriya a ruwa, aka yayyafa wa kilo 100 na karan shinkafa, aka rufe da leda na mako uku, karan yakan ƙara amfani. Sun kuma san yuriyar nan kisa take yi idan dabba ta ci ta haka nan. Ƙuli-ƙuli mai fumfuna kuma, gubarsa tana bin nono har ta isa bakin yaro.

To ina duk wannan yake? Yana cikin mujallun Turanci, inda malami ke rubuta wa malami, saboda da yawan maƙala ake zama farfesa. Ba a tambayar kowa rugage nawa bincikensa ya shiga.

Za a ce isar da sako aikin malaman gona ne, ga NAERLS nan a Zariya. Haka ne, amma a tambayi makiyayi yaushe rabonsa da ganin malamin gona. Za a kuma ce babu kuɗi. Takarda mai shafi ɗaya da Hausa da Fulatanci, ko saƙon murya na minti uku a WhatsApp, bai kai kuɗin buga maƙala ɗaya ba.

Abin da muke nema a fili yake. Jami'o'i su sa fassara da kai sakamako ga masu kiwo cikin sharuɗɗan ƙarin girma. Ma'aikatar Bunƙasa Kiwo da aka kafa a 2024 ta tilasta rubuta adadin furotin a jikin buhun abincin dabbobi. Masanan da ke cikin wannan zaure kuma, kowa ya kawo mana bincikensa ɗaya da Hausa kafin rani ya shigo.