Mata da Ilmin Kimiyya: Ina Rabon Ƙasar Gwandu?

Tun shekarar 2015 Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe ran 11 ga watan Fabrairu domin tunawa da mata masu ilmin kimiyya. A kan taru, a yi jawabi, a ambaci Marie Curie wadda ta karɓi lambar Nobel sau biyu, a 1903 da 1911, a tafa, a watse. Ba mu ƙi ba. Amma mutumin Jega ko Maiyama in ya ji wannan, sai ya ɗauka labarin wata duniya ne wanda bai shafi gidansa ba. To, ya shafe shi ƙwarai.

Duk yaron da zazzaɓin cizon sauro ya kwantar da damina, aka ba shi maganin zamani ya tashi, aikin wata mace ya ci. Sunanta Tu Youyou, mutuniyar ƙasar Sin. A 1969 aka ɗora mata neman sabon magani, sabo da na da ya fara kasawa. Ta bi littattafan magabatansu tana gwada tsirrai, har ta zo kan wani ganye dangin tazargade. Aka dafa shi, bai yi aikin kirki ba. Sai ta tarad da wani littafi mai shekara wajen 1,600 ya ce a jiƙa ganyen da ruwa a matse, bai ce a dafa ba. Nan ta gane ashe zafi ne ke kashe ƙarfinsa. A 1971 ta tatso shi ba tare da zafi mai yawa ba, ya yi, a 2015 kuma aka ba ta lambar Nobel. Ba cewa mu ke yi a koma shan tazargade a bar asibiti ba. Ganyen da ma an san shi, awo da gwaji su ne suka mai da shi maganin da likita ya ke amincewa da shi.

Lura irin wannan kuwa matanmu ba su rasa ta ba. Matar da ta ke turara shanshera ta san iyakar jiƙo da wuta don kada shinkafa ta karye a wurin sussuka. Mai daddawa ta san kwanakin da kalwa za ta yi a rufe. A Aliero, garin albasa, lawashin da wani zai zubar shi a ke kirɓawa a shanya ya zama gabu mai daɗewa. Abin da ba a ba su ba shi ne alƙalami da ma'auni. Wanda kuma ya ke tsammanin karatun mata baƙon abu ne a ƙasar nan, sai ya tuna da Nana Asma'u, 'yar Shehu Usmanu, 'yar ɗan'uwan Malam Abdullahi na Gwandu, wadda ta rasu a 1864. Ita ta naɗa jajiyoyi suna bin ƙauyuka suna karantar da mata.

Yau ga jami'ar kimiyya da fasaha a Aliero tun 2006, ga kuma kwalejin koyon aikin lafiya a Jega. Watau rijiya ta zo har ƙofar gida. Sai dai ba a shiga sai da sakamako mai kyau a Turanci da lissafi da darussan kimiyya, yarinyar da ta gama sakandare ba ta taɓa ganin ɗakin gwaji ba kuwa an rufe mata ƙofa tun ba ta nema ba. Abin mamaki, magidancin da ya ke ƙin likita namiji ya duba matarsa, sau da yawa shi ne ya ke cire 'yarsa daga makaranta. Daga ina likita mace za ta fito?

Amma ba za mu ɗora wa iyaye laifin duka ba. A watan Yuni na 2021 'yan bindiga suka kwashe ɗalibai a kwalejin gwamnatin tarayya ta Birnin Yauri, a watan Nuwamba na 2025 kuma suka shiga makarantar 'yan mata ta Maga. Dukansu a cikin jihar nan. Uban da ya ji waɗannan ya yi shakkar kai 'yarsa makarantar kwana, ba jahilci ya nuna ba, kuma jawabi ba zai kwantar masa da hankali ba, sai ya ga katanga da masu tsaro.

Sabo da haka muna roƙon Gwamnatin Jihar Kebbi ta fara da tsaron makarantun 'yan mata, sa'an nan ta kai musu malaman kimiyya da kayan gwaji. Ƙananan hukumomin Jega da Aliero da Maiyama kuma kowacce ta ɗauki nauyin 'yan mata kaɗan kowace shekara har su gama jami'a, da sharaɗin su komo su yi aiki a gida. Jami'ar Aliero ita ma tana da aiki a gabanta, ga albasa nan tana ruɓewa a wurin ajiya kowace shekara. In za a binciki maganin wannan, lalle a sa 'ya'yan masu yin gabu a ciki.