Aljanun Juji a Birnin Dakar

A wannan mako filinmu zai kai mu ƙasar Senegal, inda wani mai ɗaukar hoto ya yi aikin da ya cancanci mu tsaya mu dube shi da idon basira.

Sunan mutumin Fabrice Monteiro. An haife shi a ƙasar Beljiyam a 1972, uwarsa 'yar can ce, ubansa kuwa mutumin Jamhuriyar Benin, inda ya yi ƙuruciyarsa. Aikin injiniya ya karanta, amma daga baya ya rungumi kyamara, ya zauna a Dakar. A 2013 ya fara jerin hotunan da ya kira The Prophecy, watau kashedi game da abin da ke tafe.

Masu kyamara da yawa sun sha ɗaukar hoton juji, har ido ya saba, an daina ƙyama. Monteiro sai ya sake dabara. Ya haɗa kai da wani gwanin ɗinki na Senegal da ake kira Doulsy, suka tattara leda da tsofaffin komaye da sauran tarkace, suka ɗinka manyan riguna. Sai a sa wa mutum rigar, a tsayar da shi a daidai wurin da aka ɓata, a ɗauke shi hoto tamkar aljanin wurin ne ya fito kai ƙara.

A ɗaya daga hotunan, wata mace ce doguwa tsaye a kan jujin Mbeubeuss, inda Dakar ta shiga zuba shara tun 1968. Rigarta ta leda ta malala ƙasa, har ba ka iya rarrabe inda riga ta ƙare da inda juji ya fara, ga hayaƙi ya turnuƙe a bayanta. An ɗauki wani a gaɓar Hann, wadda a da ake yabon kyanta, kafin ruwan masana'antu da jinin mahauta su gurɓata ta. A wani kuma aljanar itace ce tsaye cikin dajin da ake ƙonawa.

To, me ya sa waɗannan hotuna ke tsinka zuciya? Dalili shi ne sun sanya wa ɓarna fuska. Mutum yana iya wuce tarin shara bai waiwaya ba, amma in sharar ta miƙe tsaye ta zuba masa ido, dole ya tsargu.

Wannan dabara ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Kakanninmu sun ce aljanu na zaune a tsamiya da kuka da tsohuwar rijiya, saboda haka ba mai ɗaga gatari a kan irin waɗannan itatuwa sai da shakka. Ilimi ya yaɗu, camfi ya ragu, kuma madalla da haka. Amma da muka kori tsoron aljanu, me muka ajiye a gurbinsa? Masu gawayi sun shiga daji ba sani ba sabo. Leda ta toshe magudanan ruwa, damina na zuwa ambaliya ta ci gidaje. Mahauta kuwa sun san irin ƙullin ledar da sukan fitar daga tumbin saniya.

Ba muna cewa a koma camfi ba ne. Addininmu ya riga ya koya mana cewa ƙasa amana ce, kuma kawar da abin cutarwa daga hanya sadaka ne. Wanda bai ji tsoron aljanin tsamiya ba, ai ya kamata ya ji tsoron Wanda ya halicci tsamiyar.

Muna kira ga matasanmu masu kyamara da su rage ɗaukar biki da suna, su leƙa kududdufin unguwarsu. Hukumomi kuma su tuna ƙasar Ruwanda ta hana leda tun 2008, kuma kasuwa ba ta mutu ba.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.