Sushi da Biranch: A Je A Ci, Amma A Daina Raba Bil Daidai

'Yan uwa ɗalibai, musamman mu 'yan Arewa da karatu ya kawo mu Legas.

An gama jarrabawa, lokacin fita ya zo. Duk guruf ɗin WhatsApp da ka leƙa maganar ɗaya ce: ina za a je a huce gajiyar semesta? Wurare biyu ne suke tashe a bana. Na farko gidan abincin Japanawa a Victoria Island, inda ake cin sushi. Na biyu wuraren biranch da suka cika unguwannin bayan gari, can wajen Lekki da hanyar Ajah, inda ake zuwa ranar Asabar ko Lahadi da hantsi a yi karin kumallo da abincin rana a zama ɗaya.

Kullum aka tayar da zancen sai mu rabu gida biyu. Wasu su ce rayuwar ƙarya ce, ɗan da ya tashi da tuwo da miyar kuka me ya haɗa shi da ɗanyen kifi? Wasu kuma su riƙa kallon wanda bai taɓa zuwa ba kamar bagidaje. Ni dai ra'ayina a je. A je a gani, a ɗanɗana, a ƙaru. Amma akwai abin da muke yi wa junanmu a wuraren nan da ya kamata mu daina, kuma shi ya sa na yi wannan dogon rubutun. Ku yi haƙuri ku karanta har ƙarshe.

Bari na fara da masu cewa ƙarya ce. Malam, kai da ka kwana kana cin Indomie a hostel, ka san asalin taliyar 'yar minti uku daga Japan take? Wani mutum mai suna Momofuku Ando ne ya ƙirƙiro ta a 1958. Indomie ɗin da muke ci ta kamfanin Indonesiya ce, ana yin ta a Ota ta jihar Ogun, amma dabarar daga Japan ta taso. Ke nan kowane ɗalibi a ƙasar nan ya daɗe yana cin jikanyar ramen bai sani ba.

Ga kuma abin da ya fi ba ni dariya. Japanawa suna da wani abinci da suke kira natto, waken suya ne da aka dafa aka bar shi ya ruɓa har ya yi yauƙi da wari. Irin ƙwayar halittar da take ruɓar da shi ita ce take ruɓar mana da kalwa ta zama daddawa. Miyarsu ta miso ma da tsimammen waken suya ake yin ta. Wanda ya tashi da daddawa a miya bai kamata ya yamutsa fuska a gaban abincin mutanen nan ba, 'yan uwa ne a wari. Kuma idan aka kawo muku sushi za ku ga yankakkiyar citta mai ɗan tsami a gefe, sunanta a wurinsu "gari". Ba garin kwaki ba ne fa, kar wani ya nemi suga da ƙuli.

Sannan kalmar sushi ba ta nufin ɗanyen kifi. Shinkafa ce da aka haɗa da binega, ita ce ginshiƙin abin. Ɗanyen kifi zalla ba shinkafa shi ne sashimi. Akwai sushi mai dafaffen jatan lande, akwai mai ƙwai, akwai mai kokwamba ko fiya kawai. Irin wanda ake ɗora yankan kifi a kan ɗan curin shinkafa, nigiri, ya samo asali ne a birnin Edo, wato Tokyo ta yau, a ƙarni na 19, kuma a lokacin abincin bakin titi ne na ma'aikata masu sauri, kamar yadda muke tsayawa wurin mai ƙosai. Da hannu ma ake cin sa idan an ga dama. Don haka ke da kike zufa kina kokawa da tsinkayen cin abinci don kar a ce ba ki waye ba, ki wanke hannu ki ci abinki, ba ki karya wata doka ba. Abin da suke ƙi shi ne a soke tsinkayen a tsaye a cikin kwanon shinkafa, don a wurinsu hakan na jana'iza ne.

Kifin salmon ɗin nan mai ruwan lemo da kowa yake ɗauka a hoto, su kansu Japanawa ba su saba cin sa ɗanye ba a da. Mutanen Norway ne suka dage da tallata musu shi tun daga shekarun 1980 har ya karɓu. Norway ɗin nan dai da take aiko mana da busasshen kifin okporoko. Kun ga ashe abinci yawo yake yi, ba wanda ya gaje shi shi kaɗai.

Toh amma fita da ido buɗe ake yi. Mu Musulmi akwai tambayoyin da dole mu yi, kuma na lura kunya tana hana mu. Kifi da sauran naman ruwa ba matsala a mazhabarmu ta Malikiyya. Inda gizo yake saƙar shi ne miya da romo. Ramen ɗin da aka rubuta wa tonkotsu da ƙashin alade ake dafa romonsa, chashu ɗin da ake ɗorawa a sama kuma galibi naman alade ne. Miyar teriyaki ta asali da mirin ake haɗa ta, shi kuwa mirin giyar shinkafa ce mai zaƙi da ake girki da ita, wani lokaci har da sake. A wurin biranch ma haka: bacon da ham asalinsu alade ne sai in an faɗa maka na saniya ne ko na talotalo, sosej kuma sai ka tambaya. Abin shan nan da ake kira mimosa, mai kama da ruwan lemo a dogon kofi, shampen ne aka gauraya da lemo. Tambaya ba ƙauyanci ba ce. Ka kira mai kawo abinci ka ce, "Me aka sa a ciki? A kasko ɗaya ake soya su?" In bai sani ba ya je kicin ya tambayo. Kuɗinka za ka biya. Abin da ya shige maka duhu kuma, kamar ɗan abin da tsimi yake haifarwa a cikin miyar soya, ka kai wa malaminka tun kafin ka je, kar ka tsaya yin fatawa a kan tebur.

Ɗanyen kifi kuma sanyi ne ransa. A garin da wuta take ɗaukewa sau ba adadi, wurin da ba ka yarda da firjinsa ba ka ci dafaffe. Mai juna biyu dai likitoci sun ce ta bar ɗanyen kifi gaba ɗaya.

Shi kuwa biranch, sunan ne baƙo. Turawan Ingila ne suka haɗa kalmar karin kumallo da ta abincin rana a yarensu, tun wajen 1895. Abin da ake kawowa ƙwai ne, burodi, fanke mai faɗi da zuma, fiya da aka dame aka shafa a gasasshen burodi, sai shayi ko kofi. Wanda ya taɓa zama a teburin mai shayi a Agege ko Idi-Araba da ƙarfe sha ɗaya na safe, aka soya masa ƙwai uku da albasa aka haɗa masa kauri, ya ci biranch. Masa da miyar taushe ranar Lahadi ma biranch ce. Abin da kake saya a Lekki wuri ne: sanyin na'ura, furanni, kujera mai laushi, waƙa a hankali, da hasken da hoto yake fita da kyau. Ban raina wannan ba. Wanda ya yi wata huɗu a ɗaki mai mutum takwas, ga layin ruwa ga sauro, ya cancanci awa biyu na natsuwa in yana da halin biya. Amma mu san abin da muke biya, kar mu ɗauka ƙwan nasu na wata kaza ce daban.

Yanzu ga maganar da ta kawo ni.

Farashin da kake gani a menu ba shi za ka biya ba. Akwai harajin VAT kashi 7.5 cikin ɗari. A Legas akwai wani kashi 5 na jiha a kan gidajen abinci da otal. Wurare da yawa kuma suna ƙara kuɗin hidima. Mu ɗauka ka ci abin naira 20,000, wurin kuma yana cajin kashi 10 na hidima: 1,500 da 1,000 da 2,000, ya tashi 24,500. Ba a sa kuɗin mota daga Akoka ko Ojo, a haye gada a dawo ba, kuma kowa ya san yadda kuɗin mota ya koma tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023. Ɗalibin da yake karɓar bashin NELFUND naira 20,000 ake ba shi na kashewa a wata. Mafi ƙarancin albashi a ƙasar nan 70,000 ne. Wato zama ɗaya zai iya cinye abincin wata na ɗalibi, ya kuma haura kashi ɗaya cikin uku na albashin baban wani.

Duk da haka sai a gama ci, bil ya zo, wani ya zaro waya ya ce, "A raba daidai kawai, mu nawa ne?" Wallahi wannan kalma ta fi wasabi yaji.

Na ga an yi haka a fitar bazday ɗin wata 'yar ajinmu. Mu tara ne. Akwai wata baiwar Allah a cikinmu da ta daɗe tana juya menu, ƙarshe ta ce ba ta jin yunwa, a kawo mata ƙaramar miya da ruwa. Duk wanda ya san ta ya san ba ƙoshi ba ne, lissafi ta yi. Wasu kuwa faranti uku-uku suka yi oda, da kayan zaƙi, da lemo kofi biyu. Da bil ya zo aka raba tara. Ba ta ce uffan ba, ta yi transfa tana murmushi. Satin da ya biyo baya a ƙafa take zuwa lakca daga inda take haya, handawut ma na wata take ara tana ɗauka a waya. Su waɗanda ta tallafa wa da kuɗin farantinsu har yau ba su san an yi ba, don talaka mai mutunci ba ya ƙorafi a gaban mutane.

Abin da raba daidai yake yi ke nan: mara shi ne yake ciyar da mai shi. Kuma kunya ce take tilasta shi. Daga nan ne wasu suke faɗawa manhajojin bashi na waya, waɗanda in ka makara da biya suke bin lambobin da ke wayarka suna tura musu saƙon tozarci. Wasu kuma su kira gida su ce an ƙara kuɗin wani littafi. Uwa ta sayar da akuya a Funtuwa ko Azare, kuɗin ya ƙare a hoton sitatus da zai ɓace bayan awa 24. Ba sushi ne ya jawo wannan ba, mu ne.

Za a ce min, "Ai ba wanda aka tilasta, in ba ka da shi ka zauna a hostel." Maganar tana da daɗin faɗa ga wanda bai taɓa zama shi kaɗai a ɗaki yana kallon hotunan abokansa ba. Mu nan baƙi ne, nesa da gida. Ɗan guruf ɗin nan na 'yan Arewa shi ne danginmu a Legas. Wanda aka bari a baya sau biyu, sau uku, a hankali zai fice daga cikinmu, kuma mun san dalilin ba halinsa ba ne, aljihunsa ne. Zumuncin da sai mai kuɗi ne zai iya riƙe shi ya zama kulob.

Ga abin da nake roƙo, kuma ba mai wuya ba ne.

Mai shirya fita ya turo hoton menu da farashi a guruf tun kwana uku kafin ranar, ya faɗi haraji da kuɗin mota, kowa ya yi lissafinsa a ɓoye. A faɗa tun farko cewa kowa zai biya abin da ya ci, a kuma gaya wa mai kawo abinci tun kafin a yi oda don ya rubuta na kowa daban. In kai ka gayyaci mutane bazday ɗinka, a al'adarmu mai gayya shi ne mai ciyarwa. In ba za ka iya ɗaukar mutum goma ba, ka kira uku, ko ka sayo kek a yanka a hostel. In Allah ya hore maka kuma kana son ka biya wa wani, ka yi a asirce, ka tura masa tun kafin a fita, kar ka yi shela a kan tebur. Wanda ya ce ba zai samu zuwa ba a ce masa Allah ya kai mu wani lokacin, a bar shi, ban da "haba kai kuwa, nawa ne duka-duka?"

Sannan a riƙa juyawa. Wannan watan in an je Victoria Island, wata mai zuwa a je Obalende a ci tsire, ko a haɗa kuɗi kaɗan-kaɗan a sayo kaya a Mile 12 a yi dafa-duka a ci a faranti ɗaya. Abokanmu Yarabawa da Ibo da muke gayyata ma za su fi tuna ranar da muka ba su masa da kunun gyaɗa.

Japanawan da muke sha'awar abincinsu, kafin su sa loma suna faɗin wata kalma ta godiya ga abincin da duk wanda ya wahala a kansa, kuma barin ragowa abin kunya ne a wurinsu. Mu ma da bismillah muka tashi, da "zo mu ci" ga duk wanda ya wuce. In za mu ari abincinsu, kar mu yar da namu ladabin a bakin ƙofa.

Wanda yake da hali ya je ya ci sushi ɗinsa lafiya, ya ɗauki hoto, ya dawo ya ba mu labari. Amma kafin ka ce "a raba daidai", ka dubi farantin kowa.

Allah ya rufa mana asiri, ya ba mu sakamako mai kyau, ya mayar da kowa gida lafiya. Masu shirya fitar ƙarshen semesta, a tura musu wannan tun kafin su yanke wuri.